SHAIDAR RUWAN CIKIN IDO: YADDA LIKITOCI KE ƘIYASTA LOKACIN MUTUWA

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka tsinci gawar mutum a ɗaki, ko a gona, ko a gefen hanya, ba tare da wani ya halarci fitar ransa ba, akwai tambayoyi uku waɗanda hukuma ba ta da makawa sai ta nemi amsarsu. Wane ne wannan? Me ya kashe shi? Yaushe ya mutu? Tambaya ta farko dangi da maƙwabta su kan amsa ta. Ta biyu aikin likitan binciken gawa ne. Ta uku kuwa ita ce mafi wuya, domin Allah bai sa wa ɗan Adam wani agogo a jikinsa wanda ke tsayawa sa'ad da rai ya fita ba.

Duk da haka jiki ba ya rasa alamomi. Da zarar rai ya fita sai wasu sauye-sauye su fara, kowanne da irin tafiyarsa, wani cikin gaggawa, wani sannu a hankali. Wanda ya san irin tafiyar tasu yana iya duban inda suka kai, ya yi lissafi da baya, ya ƙiyasta lokacin da suka faro. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, watau awon sinadaran ruwan da ke cikin ƙwayar ido: yadda ake yinsa, abin da yake iya nunawa, inda iyakarsa take, da kuma taimakon da ake bukata daga jama'a domin awon ya yi amfani.

Me Ya Sa Ake Son Sanin Lokacin Mutuwa?

Da farko akwai maganar shari'a. Idan ana tuhumar mutum da kisan kai, ya ce shi a ranar ma ba ya gari, to duk maganar ta rataya a kan ranar da mamacin ya mutu. Kuskuren kwana guda yana iya sa a ɗaure marar laifi, ko kuwa mai laifi ya kuɓuta. Haka kuma idan mutum ya mutu a tsare, ko a hannun waɗanda aka ɗora wa alhakin kula da shi, sanin lokacin shi ke nuna ko labarin da suka bayar ya yi daidai da abin da gawar ta nuna.

Na biyu akwai maganar iyali. Takabar matar mamaci, wata huɗu da kwana goma, daga ranar rasuwa ake ƙirga ta. A wajen rabon gado kuma, sai wanda ke da rai a lokacin da mamaci ya cika shi ke da rabo. Takardar shaidar mutuwa, wadda ake nema wajen karɓar fansho ko kuɗin inshora, ita ma tana bukatar rana. Saboda haka wannan magana ta shafi kowane gida, ba kotu da 'yan sanda kaɗai ba.

Alamomin Da Aka Saba Dubawa

Tun kafin a san awon ruwan ido likitoci suna da alamomi huɗu, har yau kuma da su ake fara aiki.

1. Hucewar jiki. Zafin jikin mai rai digiri 37 ne a ma'aunin santigired. Bayan mutuwa jikin ya kan ɗan jima da zafinsa, sa'an nan ya yi ta hucewa har ya yi daidai da iskar wurin. Cikin shekarar 1988 wani masani ɗan ƙasar Jamus, Claus Henssge, ya buga jadawalin da ake haɗa zafin gawa da zafin wuri da nauyin jiki da irin tufafi, a fitar da lokaci. Idan komai ya daidaita, kuskuren wannan hanya kusan awa uku ne gaba ko baya. Babu hanyar da ta fi ta kyau a yinin farko.

2. Sandarewar gawa. Ta kan fara bayan awa biyu zuwa huɗu, daga muƙamuƙi da wuya, ta game jiki cikin awa shida zuwa goma sha biyu, sa'an nan ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu.

3. Kwanciyar jini. Sa'ad da zuciya ta tsaya, jini ya kan gangara ya taru a gefen da ke ƙasa, fatar wurin ta yi duhu. Bayan awa takwas zuwa goma sha biyu sai duhun ya zauna, ko an juya gawar ba ya barin wurin.

4. Ruɓewa. Canjin launin ciki, da kumburi, da wari, da girman tsutsotsin ƙuda, duk suna ba da ƙiyasi na kwanaki.

Kowace daga cikin waɗannan tana da rauni, a ƙasa irin tamu kuwa raunin ya fi fitowa. A Sakkwato ko Maiduguri, cikin watan Afrilu, zafin rana ya kan wuce digiri 40. Gawar da ke kwance a irin wannan wuri ba ta da inda za ta huce, tun da iskar da ke kewaye da ita ta fi ta zafi. Kwanciyar jini kuma tana da wuyar gani a baƙar fata. Sandarewa da ruɓewa su ma zafi na gaggauta su ƙwarai. Bugu da ƙari, ko a ƙasar sanyi ma, da zarar gawa ta gama hucewa, ma'aunin zafi ba shi da sauran abin faɗa. Wannan giɓi, tsakanin ƙarewar hucewa da kankamar ruɓewa, shi ne masana suka nemi cikewa da awon sinadarai.

Mene Ne Ruwan Cikin Ido?

Ba hawaye ake nufi ba. Ƙwayar ido kamar ƙaramar ƙwallo take, mai fata mai tauri, wadda muke kira farin ido. A cikinta akwai ɗakuna. Ɗan ƙaramin ɗaki na gaba yana da ruwa tsinkakke kaɗan. Babban ɗakin baya, wanda ya ci kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙwayar, cike yake da wani ruwa garai-garai mai yauƙi, kama da farin ɗanyen ƙwai. Wannan shi ne ruwan da ake magana a kansa. A idon baligi yawansa kimanin mililita 4 ne, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne zalla. A bangon wannan ɗaki daga baya akwai wani siririn tantani mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin halitta, shi ne tantanin gani, wanda ke karɓar haske ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ido shi ne tsarin da yake da shi. Jini ba ya daɗewa bayan mutuwa sai ya lalace: jajayen ƙwayoyinsa su farfashe, ƙwayoyin cuta daga hanji su kutsa cikinsa, sinadaransa su rikice. Ido kuwa yana zaune cikin kogon ƙashi, nesa da hanji, fatarsa a rufe, ruwansa kuma ba jijiyar jini a cikinsa. Saboda haka ya kan daɗe da tsabtarsa bayan jini ya riga ya ɓaci, sauye-sauyen da ke faruwa a cikinsa kuma a natse suke tafiya.

Fotasiyam Da Aikinsa

Fotasiyam wani sinadari ne daga dangin gishiri. Shi ne ke ba ruwan toka kaifinsa, yana cikin takin zamani, yana kuma cikin abinci irin su ayaba da wake da dankali. A jikin mutum kusan kashi 98 cikin 100 na fotasiyam a cikin ƙwayoyin halitta yake ƙunshe. Ma'aunin da ake auna shi da shi ana kiransa milimol a kowace lita. A cikin ƙwayar halitta ya kan kai kimanin 140, a cikin ruwan da ke wajenta kuwa, har da ruwan cikin ido, kimanin 4 ne kawai.

Wannan babban bambanci ba haka kawai yake zaune ba. A fatar kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan famfo mai aiki dare da rana, yana fitar da sodiyam, watau sinadarin gishirin miya, yana mai da fotasiyam ciki. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Jens Christian Skou, shi ya gano wannan famfo cikin shekarar 1957, aka kuma ba shi kyautar Nobel saboda shi cikin 1997. Famfon ba ya aiki sai da ƙarfi, ƙarfin kuwa daga iskar numfashi da abinci yake zuwa. Idan numfashi ya tsaya, famfon ma ya tsaya.

Mai karatu ya kwatanta abin da garken tumaki a cikin shinge mai kafofi, da makiyayi a tsaye yana korar duk wadda ta fita yana mai da ita ciki. Muddin yana farke, tumakin da ke waje kaɗan ne. Idan barci ya kwashe shi, sai su riƙa silalewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo daga baya, in ya san yawan da ke fita cikin kowace awa, yana iya ƙirga na waje ya faɗi tsawon barcin makiyayi. To, haka fotasiyam ke silalowa daga tantanin gani yana shiga ruwan cikin ido bayan mutuwa, yana ƙaruwa awa bayan awa. Likita ya auna yawansa, ya yi lissafi da baya.

Taƙaitaccen Tarihi

Cikin shekarar 1959 Hans Naumann ya buga bincike a Amurka a kan sinadaran ruwan idon mamata. Cikin 1962 Frederick Jaffe, likitan binciken gawa a birnin Toronto na ƙasar Kanada, ya nuna cewa fotasiyam na hauhawa gwargwadon tsawon lokaci bayan mutuwa. Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne William Sturner, Ba'amurke, wanda ya buga sakamakonsa cikin 1963, sa'an nan shi da George Gantner suka faɗaɗa bayanin cikin 1964. Ƙa'idar lissafin da aka samu daga aikinsu ta bazu cikin littattafan koyarwa na duniya, aka kuwa yi murna da ita ƙwarai, domin a lokacin an zaci kuskurenta bai wuce awa biyar ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Da wasu masana suka gwada hanyar a kan gawawwakin da aka san lokacin mutuwarsu tabbas, sai suka ga kuskuren ya fi haka nesa. John Coe na birnin Minneapolis ya nuna cikin 1969 cewa hauhawar ta fi sauri a awowin farko, sa'an nan ta lafa. Cikin 1989 Burkhard Madea da abokan aikinsa a Jamus suka fito da sabuwar ƙa'ida, suka kuma bayyana iyakarta ba ɓoye-ɓoye. Cikin 1991 Torleiv Rognum da abokan aikinsa a birnin Oslo na ƙasar Norwe suka ƙara awon wani sinadari mai suna haifozantin, wanda shi ma ke ƙaruwa bayan mutuwa, suka nuna yadda zafin wuri ke canza saurinsa. Cikin 2015 kuma Brita Zilg da abokan aikinta a ƙasar Suwidin, bayan sun auna gawa fiye da 400, suka fito da lissafin da ke shigar da shekarun mamaci da zafin wurin da gawa ta kwanta.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Gwargwadon yadda ilmin ya zurfafa, gwargwadon yadda masu shi suka rage cika baki.

Yadda Ake Ɗibar Ruwan

Aikin ba ya wuce 'yan mintuna, ba a kuma yanka ko'ina. Likita ya kan ja fatar ido gefe, ya soka siririyar allura mai sirinji a farin ido, can wajen kusurwar da ke kusa da kunne, har bakin allurar ya kai tsakiyar ƙwayar. Sa'an nan ya zuƙo ruwan sannu a hankali, kimanin mililita biyu daga kowane ido. Dole a yi a hankali, domin in aka zuƙa da ƙarfi sai ɓarɓashin tantanin gani ya biyo, fotasiyam ɗin da ke cikinsa ya haɗu da ruwan, awon ya yi sama fiye da gaskiya. Ruwan da ya fito da jini ko da gurɓata ba a dogara da shi. Bayan an gama sai a mai da ruwan gishiri mai tsabta a madadin wanda aka ɗiba, ido ya koma siffarsa. Ramin allurar kuwa fatar ido na rufe shi.

Ana zuba ruwan a ƙaramar kwalba, a rufe, a rubuta lamba da rana da daidai lokacin da aka ɗiba. Wannan lokaci shi ne ginshiƙin lissafin, domin daga shi ake ƙirgawa baya, ba daga lokacin da aka tsinci gawa ba. A ɗakin gwaje-gwaje ana tace ruwan, a rage masa yauƙi, a auna shi da irin na'urar da ake auna fotasiyam na jinin marasa lafiya kullum a manyan asibitoci.

Lissafi Da Misali

Ƙa'idar Sturner ta ce: a ninka adadin fotasiyam sau 7.14, a ɗebe 39.1, abin da ya rage shi ne awowin da suka wuce tun mutuwa. Ƙa'idar Madea ta ce: a ninka sau 5.26, a ɗebe 30.9. Ma'anar wannan ita ce, a wurin Sturner fotasiyam na ƙaruwa da kimanin 0.14 cikin kowace awa, a wurin Madea kuwa da kimanin 0.19. Ga abin da ƙa'idodin biyu ke bayarwa:

Idan fotasiyam 8 ne: Sturner awa 18, Madea awa 11.
Idan fotasiyam 10 ne: Sturner awa 32, Madea awa 22.
Idan fotasiyam 15 ne: Sturner awa 68, Madea awa 48.

Mai karatu ya lura, ido ɗaya ne, awo ɗaya ne, amma amsa biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi. Daɗin daɗawa, Madea da kansa ya nuna cewa idan aka haɗa kowane irin mamaci, kuskuren ƙa'idarsa cikin kwana biyar na farko ya wuce awa 30 gaba ko baya. Sai in an ware waɗanda ciwo ya rikita sinadaran jikinsu kafin mutuwa, sa'an nan kuskuren ke saukowa zuwa kimanin awa 20.

Bari mu ɗauki misali. A ce an tsinci gawa ranar Alhamis da safe, aka ɗebi ruwan ido da ƙarfe 12 na rana, awo ya nuna 15, kuma babu alamar doguwar jinya. Ƙa'idar Madea ta ba da awa 48, watau Talata da tsakar rana. Idan aka sa awa 20 gaba da baya, sai a ce mutuwar ta auku tsakanin Litinin da ƙarfe 4 na yamma da Laraba da ƙarfe 8 na safe. Yanzu in akwai wanda ake zargi, alhali an tabbatar ya bar gari tun ranar Asabar bai komo ba, wannan awo ya taimake shi ƙwarai. Haka kuma in wani ya rantse cewa ya yi hira da mamacin ranar Alhamis da asuba, awon ya sa ayar tambaya a kan maganarsa. Amma in gardamar ita ce ko Talata da safe ne ko Talata da dare, awon ba shi da ta cewa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan karin magana ta yi daidai da wannan ilmi: ƙima yake bayarwa, ba mudu ba.

Abubuwan Da Ke Karkatar Da Awo

1. Zafin wuri. Shi ne babba. Zafi na gaggauta fitar fotasiyam, sanyi na jinkirta ta. Gawar da ta kwana a ɗakin kwano a Nguru da bazara, da wadda ta kwana a fili a Jos da hunturu, ba za su ba da adadi ɗaya ba ko da a minti ɗaya suka mutu. Shahararrun ƙa'idodin nan a ƙasashen sanyi aka tsara su, da yawa daga gawawwakin da aka auna kuma a ɗakin sanyi suke. Likitan da ya ɗauko su ya ɗora a kan gawar da ta yini cikin zafin ƙasarmu ba tare da gyara ba, zai ba da lokacin da ya fi na gaskiya tsawo.

2. Ajiya a firiji. Da zarar an sa gawa a ɗakin sanyi na mutuware, tafiyar awon ta canja. Dole a rubuta lokacin da aka shigar da ita.

3. Shekaru. Fotasiyam ya fi saurin hauhawa a idon jarirai da ƙananan yara. Ƙa'idar manya ba ta dace da su ba.

4. Ciwo kafin mutuwa. Ciwon ƙoda, da doguwar jinya, da ƙarewar ruwan jiki saboda zawo da amai, duk suna rikita gishirin jiki tun mutum na da rai. Shi ya sa likita ke auna yuriya tare da fotasiyam: in ta yi yawa, ya san ƙiyasinsa na bukatar ƙarin tazara.

5. Halin idon kansa. Rauni a ido, ko ƙuna, ko zubar jini a cikinsa, ko bushewa, suna ɓata awon. Haka ma daɗewar gawa cikin ruwa.

6. Ruɓewa. Idan ta kankama, ruwan ido ya gurɓace, hanyar ta ƙare. A ƙasar sanyi ana iya cin moriyarta kwana huɗu ko biyar, a zafi kuwa wa'adin ya fi haka gajarta.

Saboda waɗannan dalilai ƙwararren likita ba ya tsayawa a kan awon ido shi kaɗai. Ya kan haɗa shi da zafin gawa, da sandarewa, da abin da ke cikin tumbi, da bayanin waɗanda suka ga mamacin na ƙarshe, sa'an nan ya faɗi tazarar da dukansu suka yarda da ita.

Sauran Abubuwan Da Ruwan Ido Ke Bayyanawa

Sau da yawa amfanin wannan ruwa wajen gano sanadin mutuwa ya fi amfaninsa wajen gano lokaci. Sukari, alal misali, raguwa yake yi a ruwan ido bayan mutuwa. Saboda haka in aka same shi da yawa, sama da kimanin milimol 11, alama ce mai ƙarfi cewa ciwon sukari ya yi wa mamacin tsanani kafin ya cika. Yuriya da kiriyatinin ba sa canzawa sosai bayan mutuwa, don haka suna nuna halin da ƙoda ke ciki. Yawan sodiyam da kulorayid tare da yuriya na nuna ƙishirwa mai kisa, abin da ke da muhimmanci idan ana zargin an yi sakaci da jariri, ko tsoho, ko wanda ke tsare. Barasa ma ana auna ta a nan, domin jinin gawar da ta fara ruɓewa ya kan haifar da barasa da kansa, ruwan ido kuwa ba ya saurin yin haka. Ta wannan hanya ana iya wanke sunan mamacin da bai taɓa kurɓar giya ba.

Tambayoyin Da Jama'a Kan Yi

Shin ana cire idon mamaci? A'a. Ruwa kaɗan ake ɗiba da allura, a mai da wani a madadinsa. Masu wanka ba za su ga wani canji a fuska ba.

Shin awon na jinkirta jana'iza? Ɗibar ruwan kanta ba ta wuce 'yan mintuna. Sakamako daga baya yake fitowa, ba sai gawa ta jira shi ba. In an sami jinkiri, to daga sauran binciken da doka ta umarta ne.

Shin awon na iya nuna wanda ya riga wani mutuwa cikin haɗari guda? Ba ya iyawa, domin tazarar mintuna ko 'yan awowi ta fi ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya, shakka a kan wanda ya riga cikawa tana cikin abubuwan da ke hana gado: idan uba da ɗa suka rasu tare ba a san na farko ba, ba sa gadon juna, kowanne magadansa masu rai ke gadonsa. Awon ido ba ya kawar da irin wannan shakka, kada kuma kowa ya yaudari iyali da cewa yana kawarwa.

Shin kotu dole ta karɓi maganar likita? Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararru a kan al'amuran kimiyya. Amma alƙali ne ke auna nauyin shaidar, lauyoyi kuma suna da ikon tambayar likita wace ƙa'ida ya bi, yaya zafin wurin yake, nawa ne kuma kuskuren da ya bari gaba da baya.

Abin Da Ake Bukata Daga Jama'a

Jihohin ƙasar nan suna da dokokin binciken mutuwa, Jihar Legas ma ta sabunta tata cikin 2007. Waɗannan dokoki sun tanadi a kai rahoton mutuwar da ta zo ta hanyar kisa, ko haɗari, ko a tsare, ko wadda ba a san sanadinta ba, domin alƙalin binciken mutuwa, wanda galibi majistare ne, ya duba ko akwai bukatar likita ya yi bincike. Ga abin da ya kamata kowa ya kiyaye:

1. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take, ko mai unguwa ko dagaci su isar da labari. Kowace awa da aka ɓata tana rage ingancin awo.

2. Kada a ɗaga gawa, ko a juya ta, ko a yi mata wanka, kafin hukuma ta iso.

3. A lura da halin wurin: a rana take ko a inuwa, taga a buɗe ko a rufe, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a kunne ko babu, da bargo ko babu. In an canja wani abu, a faɗa.

4. A rubuta lokacin da aka ga gawar, da lokacin da aka ga mamacin da rai na ƙarshe, da wanda ya gan shi.

5. Iyali su faɗi gaskiyar ciwon da mamacin ke fama da shi da magungunan da yake sha. Ɓoye ciwon ƙoda ko na sukari yana iya karkatar da lissafi, ya jawo wa wani bawan Allah tuhuma.

6. Ma'aikatan mutuware su rubuta daidai lokacin da gawa ta shiga ɗakin sanyi.

Kammalawa

Ruwan cikin ido shaida ne wanda ba ya karɓar toshiya, ba ya kuma jin tsoron kowa, amma shaida ne mai magana da ƙiyasi. Likitan da ya ce mutum ya mutu tsakanin Litinin da yamma da Laraba da safe ya faɗi iyakar abin da ilmi ya ba shi. Wanda ya dubi adadin fotasiyam kaɗai ya ce an mutu da ƙarfe tara da rabi na dare ya faɗi abin da awon bai ce ba. Wajibi ne 'yan sanda, da alƙalai, da lauyoyi, da iyalan mamata su san wannan bambanci, su nemi awon inda ya dace, su kuma karɓe shi gwargwadon nauyinsa. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya daure ya bayyana wa maƙwabcinsa da bai sami karantawa ba.